Mai Goge Taga da Tsaninsa

A ranar 6 ga Afrilun 2005 wata doka ta fara aiki a Birtaniya, wadda ta shafi duk aikin da ake yi a sama, inda mutum zai iya faɗowa ya ji ciwo. Kafin a ankara magana ta bazu cewa gwamnati ta haramta tsani. Waɗanda hankalinsu ya fi tashi su ne masu goge tagogi, domin a can sana'a ce mai zaman kanta. Mutum zai ɗaure tsaninsa a kan mota, ya riƙa bin layi gida-gida, kowane gida da ranarsa a wata, ya wanke gilasan ƙasa da na bene, a sallame shi ya yi gaba. Raba irin wannan mutum da tsani raba shi da hanyar abincinsa ne. Hukumar da ke kula da lafiya da kariyar ma'aikata a ƙasar, wato HSE, ta yi ta nanatawa shekara da shekaru cewa ba a hana kowa hawa tsani ba. Abin da dokar ta sauya shi ne tambayar da ake farawa da ita. A da mai aiki yakan tambayi kansa wane tsani ne zai kai wurin. Yanzu sai ya fara tambaya ko dole ne ma sai an hau.

In aikin zai yiwu daga ƙasa, to a yi shi daga ƙasa. In ba zai yiwu ba, a nemi abin da zai hana faɗowa tun farko, kamar dandamali mai shinge ko motar nan mai ɗaga mutum sama a cikin keji. Tsani ya koma na aiki mara nauyi kuma gajere, wanda mutum ba zai wuce minti 30 a kai ba a hawa guda. Dokar ta kuma yi watsi da tsohon ma'aunin nan na mita biyu, wanda ake ganin ƙasa da shi babu abin damuwa. A ganina wannan ne wurin da masu dokar suka fi nuna basira, saboda mutane da yawa sun nakasa daga tsayin da ake rainawa.

Duk da wannan tsari, faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikata a Birtaniya. A ƙididdigar hukumar ta shekarar 2023 zuwa 2024, ma'aikata 138 ne suka mutu a bakin aiki, 50 daga cikinsu faɗowa suka yi. A Amurka, hukumar lafiya ta CDC ta ƙirga mutum 113 da suka mutu a 2011 sakamakon faɗowa daga tsani a wurin aiki, ban da kimanin 34,000 da aka kai sashen gaggawa na asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce faɗuwa iri-iri tana kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. A wannan rukuni muke.

Lissafin abin ba shi da wuya. Wanda ya suɓuce daga tsayin mita uku, wato kusan inda ƙafar mai goge tagar bene take tsayawa, bai kai daƙiƙa ɗaya a iska ba zai isa ƙasa, kuma zai iso da gudun da ya kai kilomita 27 a awa. Daga mita biyar, daƙiƙa ɗaya ce cak, gudun kuma ya haura kilomita 35. Kamar mai babur ne ya daki katanga da wannan gudu ba hular kwano. A cikin wannan ɗan lokaci babu wanda ke iya juya jikinsa ya zaɓi yadda zai sauka. Shi ya sa raunin da ake gani yakan zama na dunduniya, wuyan hannu, ƙugu, ƙashin baya da kai.

Goge taga kuma yana da nasa sharrin da ya bambanta shi da sauran ayyukan tsani. Aikin ruwa da sabulu ne, suna ɗiga a kan matakai da tafin takalmi, suna kwarara zuwa gindin tsanin. Aikin hannu ne mai kai da komo, jiki yana lilo dama da hagu. Sannan ba a kafa tsanin sau ɗaya a huta. Gida guda sai a tuge shi a sake kafawa sau goma ko fiye, kuma kulawar da mutum ya yi a karon farko da safe ba ita yake yi da la'asar ba, lokacin da gajiya ta kama shi kuma yana hangen tagar ƙarshe.

Abu na farko da ke ƙayyade ko tsani zai tsaya shi ne yadda aka jingina shi. Ƙa'idar ita ce ɗaya cikin huɗu: kowane mita huɗu na tsayi, gindin tsanin ya nisanci bango da mita ɗaya. Wannan yana ba da karkata ta digiri 75. Idan gindin ya yi nisa fiye da haka, nauyin mutum yana tura ƙafafun tsanin waje, kuma turin yana ƙaruwa gwargwadon yadda yake hawa, shi ya sa tsanin da ya zauna daram a mataki na uku yakan zame a mataki na goma. Idan kuma gindin ya matso bango da yawa, ɗan jan jiki baya ya isa ya sa tsanin ya rabu da bango ya bi mai shi. Ba a buƙatar abin awo. Mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa suna taɓa ƙafafun tsanin, ya miƙe hannuwansa gaba daidai kafaɗa. In tafukansa sun sauka a kan matakin da ke gabansa ba tare da ya sunkuya ko ya lanƙwasa gwiwar hannu ba, to ya jingina daidai.

Sai ƙasan da aka kafa shi. Ana son wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, busasshe. Tayil mai sheƙi da ruwan omo ya jiƙa, yashi a kan siminti, murfin kwata, ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, duk suna cin amanar mai hawa. Ɗora tsani a kan bulo, ganga ko tebur don ya kai abu ne da na sha gani, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi. In tsani bai kai ba, to ba na wannan aikin ba ne. Kan tsanin ma sai an duba inda ya dafa. Ba a jingina shi a jikin gilashi, ko firam ɗin alminiyam, ko bututun roba mai kwashe ruwan rufi. Mafi aminci a ɗaure shi ta gefunansa biyu a jikin wani abu mai ƙarfi. In ba hali, a yi amfani da tsani mai sandar gindi da ke faɗaɗa tsayuwarsa. Sa wani ya riƙe daga ƙasa, wanda mu muka ɗauka shi ne ƙarshen kariya, HSE ta ajiye shi a matsayin abin da ake komawa in komai ya gagara. Dalilin a fili yake. Idan dogon tsani ya fara karkata daga sama da ƙato a kansa, yaron da ke ƙasa ba shi da ƙarfin dawo da shi, sau da yawa ma a kansa ake faɗowa.

Amma abin da ya fi kayar da masu goge taga shi ne miƙa. An goge rabin gilashi, saura ɗan lungu can gefe, tazarar tafin hannu biyu. Sauka, matsar da tsani, sake hawa, duk wannan minti biyu ne, sai zuciya ta ce miƙa kawai ka gama. Da zarar nauyin jiki ya fita daga tsakanin sandunan gefe, tsanin yana zamewa ta ɗaya ɓangaren, kuma babu abin kamawa sai gilashi mai santsi. Ma'aunin da masu koyar da aikin ke bayarwa shi ne cibiya: kada ta taɓa fita daga tsakanin sandunan nan biyu. Tare da wannan, gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani koyaushe, ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya yayin hawa da sauka, fuska tana kallon tsanin. Matakai uku na ƙarshe ba na takawa ba ne, na riƙewa ne. Kayan da za a hau da su kada su wuce kilo 10, kuma a rataye su a ɗamara. Bokiti cike da ruwa a hannu ɗaya ya riga ya karya ƙa'ida biyu.

Wutar lantarki ba ta buƙatar doguwar magana. Tsanin alminiyam yana ɗaukar wuta, na katako ma in ya jiƙe yana ɗauka. Shawarar HSE ita ce a bar tazarar mita shida daga wayoyin sama, sai dai in an kashe wutar ko an rufe wayoyin. Wanda ya san yadda wayoyi ke ratsa gaban benaye a unguwanninmu, wasu ba ko riga a jikinsu, ya san cewa ɗaukar tsanin a tsaye daga wannan taga zuwa waccan shi kansa haɗari ne. A kwantar da shi a ɗauka. Kuma ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, tana iya dawowa mutum yana sama.

Abin da ya sauya sana'ar a Birtaniya bayan 2005 shi ne doguwar sanda mai burushi a kai, wadda siririn tiyo ke kai wa ruwa daga tanki a cikin mota. Sirrin yana cikin ruwan. Ana tace shi har sai an raba shi da gishirin ƙasa da ke narke a ciki, domin wannan gishirin ne ke barin fararen ɗigo a gilashi in ruwa ya bushe. Tataccen ruwa kuwa sai a wanke, a ɗauraye, a bar shi ya bushe da kansa tas. Da irin wannan sanda mutum yana wanke tagar hawa na uku ko na huɗu ƙafarsa tana ƙasa. Ita ma tana da nata, tana gajiyar da wuya da kafaɗa, kuma in ta taɓa wayar wuta tana kisa. Duk da haka ta sauko da dubban mutane daga tsani.

Mu a nan ba mu da masu bin layi da tankin ruwa, amma muna da hunturu da ke lulluɓe kowane gilashi da ƙura, kuma benaye masu faffaɗan gilasai suna ta ƙaruwa a Kano, Kaduna, Abuja da Yamai. Wa ke hawa? Galibi mai gadi ne, ko mai shara, ko yaron gida, wanda aka ce masa, "Malam, ɗan hau ka goge mana wancan kafin baƙi su iso." Tsanin kuwa na aro ne daga wajen magina, katako biyu da aka buga wa matakai da ƙusa, an sha rana an sha ruwa. Ƙafarsa silifa. Bai taɓa jin ɗaya cikin huɗu ba, kuma ba zai iya cewa maigida a'a ba. In ya faɗo sai a ce tsautsayi ne, a yi masa sannu, a kawo kuɗin ɗori. Ban musanta ƙaddara ba, amma wanda ya ba shi ruɓaɓɓen tsani, ya tsaya yana cewa ya yi sauri, yana da hannu a cikin abin da ya faru. Dokar Birtaniya ta ɗora nauyin a kan mai ba da aiki da duk wanda ke juya aikin, kuma haka ya dace. A Najeriya ma akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, inda ake buƙatar mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya. Sai dai wanda aka kira aikin yini da baki, ba takarda, da wuya sunansa ya shiga wannan lissafi.

Yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. Tagogi masu zugewa da yawa ana iya cire su daga ciki a wanke a mayar. Sandar mofa mai tsawo da roba mai share ruwa a kai tana isa tagar bene ɗaya daga tsakar gida. In kuma hawan ya zama dole, a duba tsanin kafin a taka: matakin da ke motsi, tsagewa a sandar gefe, ƙusar da ta yi tsatsa, robar ƙafa da ta cinye ko ta fita. Tsanin katako da aka shafe da fenti mai kauri abin tsoro ne, domin fentin yana ɓoye tsaga da cin gara. A sa takalmi mai kama ƙasa. In tsanin yana gaban ƙofa, a kulle ta, a kori yara daga wurin. Ranar iska mai ƙarfi a haƙura, haka wanda ke jin jiri, ko zazzaɓi, ko ya sha maganin mura mai sa barci, ko azumi ya galabaitar da shi da tsakar rana.

Idan kuma an riga an faɗo, abin da jama'a ke fara yi shi ne mafi haɗari, wato a rungumo mutum a zaunar da shi, a jijjiga, a cusa shi a bayan babur. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke iya datse lakar da faɗuwar ta bari, mutum ya rasa ƙafafunsa har abada. A bar shi yadda yake, wani ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, a danne inda jini ke zuba, a kira 112 ko a nemo ma'aikacin lafiya. In dole sai an ɗauke shi, a kan faffaɗan katako ko ƙyaure, mutum uku ko huɗu su ɗaga tare, kai da wuya da gangar jiki a layi ɗaya. Wanda ya bugu a kai ya tashi yana cewa ba komai, shi ma a kai shi asibiti, domin jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum yana magana lafiya lau na wasu awanni kafin ya fita hayyacinsa. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, rikicewar magana, ko ruwa da jini daga kunne ko hanci, kowanne daga cikinsu yana nufin a tafi yanzu, kada a jira gari ya waye.