Motar da ke Tashi ta Mutu

Cikin ciwace-ciwacen mota akwai guda wanda ya fi saura ban haushi, watau ka murɗa makulli inji ya tashi sumul, kana cikin gyara zama sai ya yi tsit. Ka sake, shi ma ya sake. Ya fi kama tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 wadda masana'antar Kaduna, da aka buɗe a 1975, ta yi shekaru tana harhaɗawa, har yanzu kuwa akwai malaman da ke shigowa da ita nan Zuba. Amma inda ya fi yin gida shi ne ƙananan motocin nan na tsere masu ƙofa biyu, kamar Datsun 240Z wadda ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, ko 504 mai ƙofa biyu wadda ta ci shi a 1978. Dalili kuwa, masu irinsu ba su hawansu kullum. Sai a rufe mota da tamfol wata uku, wata huɗu, ran da aka so fita a ce ta tashi.

To, kafin ka kira makanike daga Apo, tsaya ka yi tunani. Inji ba ya tashi sai ya sami abu uku, mai da iska da wuta. Tun da ya tashi, ko da na ɗan lokaci ne, ka san batir da sitata da fistin duk suna aiki, babu dalilin kwance inji. Abin da ya faru shi ne ɗaya daga cikin ukun nan ya zo, sa'an nan ya yanke. Mai gaya maka wanne ne kuwa, agogon hannunka. Ka ta da motar sau uku, kowane karo ka ƙirga lokacin da ta yi kafin ta mutu.

In kana sakin makulli ta ke mutuwa, nan take, laifin wuta ne. Batir yana ba da bolt 12. A waɗansu tsofaffin motoci akwai wata 'yar na'ura ta farar tangaran kusa da kwayil, aikinta rage ƙarfin wutar da ke shiga kwayil sa'ad da inji ke tafiya. Lokacin da sitata ke juyi ana kewaye ta, wuta ta bi wata waya dabam ta tafi kai tsaye. Saboda haka in ta ƙone, mota za ta tashi muddin hannunka na kan makulli, kana saki hanya ta yanke. Bakin makullin kansa in ya cinye haka ya ke yi.

In kuwa ta yi rabin minti, ko minti ɗaya ko biyu, sa'an nan ta soma gargada ta mutu, to, yunwar mai ce, wannan kuwa shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. A jikin kafireta akwai wani ɗan kofi inda mai ke taruwa kafin inji ya sha. Da abin da ke cikin kofin nan mota ke tashi. In famfon mai bai sake cika shi da sauri ba, yana ƙarewa ke nan magana ta ƙare. Ka bar ta ta huta, ko ka yi ta juya sitata, mai ya ɗiɗɗigo ya taru, ta sake tashi, ta sake yin rabin mintinta. Yadda za ka tabbata, da ta mutu kada ka sake taɓa makulli. Cire tukunyar tace iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur. In akwai mai a kofi za ka ga ya yi tsartuwa. In ba ka ga kome ba, kofi ya bushe. Sai dai kafiretocin nan biyu na 240Z ba su yin tsartuwa ko suna lafiya, su sai an buɗe murfin kofin an duba.

Daga nan sai ka bi hanyar mai da baya-baya: matacin mai, famfo, tiyo, har tanki. Motar da ta daɗe a ajiye, musamman da damina irin ta Abuja, tankinta kan tara raɓa ya yi tsatsa, garin tsatsar ya toshe mataci. Fetur kuma in ya tsufa ya kan bar wani danƙo mai wari kamar na fenti. Tiyon roba ya kan tsage ya riƙa jan iska maimakon mai, ko da ba ka ga yana zuba ba. Wani lokaci ma man ne da kansa. Masu mota ba su manta da Fabrairun 2022 ba, sa'ad da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa a Abuja da Ikko. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye. In da ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka.

Akwai kuma wadda ke tafiya lafiya muddin ƙafarka na kan totur, kana ɗagawa ta mutu. Wannan ciwon silo ne. Ko ƙaramin jet ɗin silo ya toshe, ko iska na satar hanya ta wani tiyo da ya tsage ko gasket ɗin gindin kafireta. Ana son kashi ɗaya na mai ya gamu da kamar kashi 15 na iska bisa nauyi, in iska ta yi yawa wuta ba ta kama shi. A kafiretocin Solex da yawa akwai wani ɗan bawul mai waya ɗaya wanda ke buɗe hanyar silo. Kunna makulli, ka zare wayar ka mayar, in ba ka ji ƙas ba, ga ɓarawonka. Ni dai ba na ganin kirkin abin da waɗansu makanikai ke yi, su ɗaure sukurun silo har inji ya riƙa ihu, su ce an gyara. Ciwon na nan, an ƙara masa shan mai.

Da sanyin hunturu a tuna da cok. In an mai da shi da wuri inji mai sanyi ya mutu, in ya maƙale a rufe mai ya yi yawa, ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi su yi baƙi su jiƙe.

Saura wadda ke yin minti biyar ko goma, sai ta yi zafi ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce. Fara da murfin tanki, don ba ya cin ko kwabo. Yana da 'yar kafa ta shan iska, in ta toshe famfo ba ya iya jawo mai. Sassauta murfin ka sake gwadawa. In ba shi ba ne, zargi kwayil ko kwandansa, su ne ke aiki da sanyi su gaza da zafi. Tana mutuwa, zare wayar tsakiya ta distirbuta, ka riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da ƙarfen inji, wani ya juya sitata. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ce lafiya. Ja mai rauni, ko babu sam, ta nuna inda za a nufa. Duba bakin kwantak kuma, a 504 tazararsa 0.4 na milimita ce. Kada a yi gwajin nan inda fetur ya zuba, kuma ina roƙon ɗalibanmu su bar al'adar nan ta zuƙo mai da baki, ko tsiyaya shi a kafireta inji na juyi. Gobara ba ta sallama.

Motocin da suka biyo baya masu injekta ba su da kofi, amma agogon bai daina aiki ba. A yawancinsu kana kunna makulli famfon lantarki zai yi gunji na kamar sakan biyu ya yi shiru, ba zai ci gaba ba sai ya sami labari inji na juyi. In rile ɗinsa ya lalace, mota ta tashi da man nan na farko ta mutu cikin sakan kaɗan. Na bayan 1995 kuma da yawa suna da na'urar hana sata wadda ke kashe inji in ba ta gane makulli ba, sai a gwada ɗaya makullin.

Ko wanne ka zarga, canja abu ɗaya tak, ka ta da mota, ka sake ƙirga lokaci, kana ka taɓa na biyu. In za ka kasuwar kayan mota ta nan Zuba, tafi da tsohon a hannu, domin kwayil mai aiki da 'yar tangaran nan da wanda ba ya bukatarta kamarsu ɗaya a ido.