Tanadin Tsallake Bahar Maliya da Jirgin Iska: Waiwaye a kan Hajjin Ƙasa

1.0 GABATARWA

Garaku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, gari ne mai nisa da teku. Duk da haka yankin yana da alaƙa da hanyar gabas. A shekarar 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya nufi Kano, daga bisani ya bi ayarin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru I. Bayan yaƙin Burmi na 1903, sauran jama'ar suka ci gaba har Sudan, inda ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya zauna a garin da ake kira da sunansa. Wannan hanya ce dubban alhazan ƙasa suka riƙa bi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tanadin da zangonta na ƙarshe ya buƙata, wato tsallake Bahar Maliya cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska.

2.0 HANYA DA JIRGI

Maniyyaci yakan fita ta Borno, ya ratsa Fallomi (Njamena ta yau) da Abashe da Jinaina da Fashir, har ya kai Sawakin a bakin teku. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin akan tsaya a yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira a tara guzuri. Daga gaɓar Sudan zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne. Mai hali yakan shiga jirgi mai inji, marar hali kuwa sai sambuk, wato jirgin katako da iska ke turawa ta hanyar babban ƙyalle da aka ɗaura wa dogon itace.

3.0 ABUBUWAN TANADI

3.1 Takardu. Hukumomin mulkin mallaka sun wajabta wa maniyyaci fasfo da shaidar kuɗin komowa. Wanda ya gaza cika wannan sharaɗi yakan nemi sambuk a ɓoye daga wani lungu na gaɓar teku. Irin waɗannan jirage sukan kauce wa Jidda, su sauke mutane can kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa da ƙafa. Haɗarin wannan babba ne, domin wanda ba ya cikin rajistar kowa ba mai cigiyarsa idan ya ɓata, kuma ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962.

3.2 Lafiya. Annobar kwalara da ta auka wa alhazai a 1865 ta sa aka tsaurara dokoki. Yarjejeniyar lafiya ta ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Faris a 1926 ta ƙunshi babi a kan alhazai. A Sawakin akan killace matafiya, a yi musu rigakafin agana da kwalara.

3.3 Ruwa da abinci. Tafiyar sambuk ba ta da ƙayyadadden lokaci. Idan iska ta kwanta, kwana biyu kan zama mako. Saboda haka ruwan sha ya fi kome muhimmanci, sai abinci marar saurin lalacewa kamar dabino da gari.

3.4 Iska da matuƙi. A arewacin Bahar Maliya iska tana kaɗowa daga arewa kusan duk shekara, a kudanci kuwa takan juya ta taso daga kudu a lokacin sanyi. Bugu da ƙari, gaɓoɓin biyu cike suke da duwatsun murjani, don haka zaɓen matuƙin da ya san mashigai batu ne na rai da mutuwa.

4.0 GURBIN TAFIYAR A HARSHE

Larabawan Hijaz sun riƙa kiran mutanen Afirka ta Yamma da sunan da ya samo asali daga Takrur, tsohuwar daula a kwarin Kogin Sanagal. Daga nan Hausa ta sami kalmar takari, wadda ma'anarta ta karkata zuwa ga mai zaman Saudiyya ba tare da takardu ba. Haka nan unguwar Karantina a Jidda ta ci sunan wurin killace matafiya. Ke nan kalmomin biyu suna nuni ga abubuwan da suka fi damun matafiyin, wato takarda da lafiya.

5.0 KAMMALAWA

Jirgin sama ya maye gurbin sambuk, kuma tun 2006 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ke kula da aikin hajjin Nijeriya. Amma ƙa'idojin teku ba su gushe ba. Har yanzu ƙaramin jirgin iska da ya isa wata ƙasa sai ya shiga ta tashar da aka keɓe, ya ɗaga tuta ruwan ɗorawa don neman izinin jami'an lafiya, sannan ya nuna takardunsa kafin kowa ya sauka. Maniyyaci daga Garaku ma ba ya tashi sai da fasfo da biza da katin rigakafin shawara da sanƙarau.