Yadda Ake Gano Ciwon Tantanin Zuciya Mai Alaƙa Da Ƙwayoyin Bakteriya

A wannan fili na wayar da kan jama'a kan harkokin lafiya, za mu yi bayani ne a kan wani ciwo da ba kasafai ake jin sunansa ba, amma idan aka makara wajen gano shi yakan yi kisa. Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da ma'aikatan lafiya na karkara da su karanta, su kuma isar da saƙon ga jama'arsu.

Mene ne tantanin zuciya?

Allah Ya halicci zuciya a cikin wata jaka mai ruɓi biyu, wadda likitoci ke kira perikadiyam. Tsakanin ruɓin biyu akwai ɗan ruwa da bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, wato kamar cokali ɗaya zuwa uku na cin abinci. Wannan ruwa shi ke sa zuciya ta riƙa bugawa ba tare da gugar juna ba. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jakar, sai ta kumbura, ruwa ko mugunya su taru a ciki. Idan suka yi yawa, sai su matse zuciya har ta kasa cika da jini yadda ya kamata. A nan ne hatsarin yake.

Ƙwayoyin da ke jawo shi

Akwai hanyoyi biyu da ya kamata mu sani. Ta farko ita ce ƙwayar tarin fuka, wato tibi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ita ce ke kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda ruwa ya taru musu da yawa, tarin fuka ne sanadi. Hatsarin ya fi yawa ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

Ta biyu ba ta cika faruwa ba, amma ta fi saurin kisa. Ita ce wadda mugunya ke taruwa a jakar, sakamakon ƙwayoyin da ke jawo nimoniya da sanƙarau da maruru. Sau da yawa takan biyo bayan ciwon huhu da ba a yi wa magani da kyau ba, musamman ga yara. Idan ba a zuƙe mugunyar ba, da wuya majinyaci ya tsira.

Alamomin da za a lura da su

Mai irin na tarin fuka yakan yi makonni yana zazzaɓi da gumin dare da rama, sannan numfashi ya fara yi masa wuya, ƙafafu da ciki su kumbura. Wani yakan ji ciwon ƙirji da ke tsananta idan ya kwanta ko ya ja numfashi, ya kuma lafa idan ya zauna ya sunkuya gaba. Mai irin na mugunya kuwa, cikin 'yan kwanaki zazzaɓi mai zafi ke kayar da shi, kuma ba lallai ne ya ji ciwon ƙirji ba.

Matsalar ita ce waɗannan alamomi sun yi kama da na maleriya da taifot da asma. Shi ya sa ake ɓata lokaci ana sayen magani a kemis, ko a ce sammu ne. Idan jijiyoyin wuya suka tashi, gaɓoɓi suka yi sanyi, majinyaci ya kasa kwanciya saboda haki, to a garzaya da shi babban asibiti nan take.

Matakan da likita ke bi

Da farko likita zai saurari ƙirji. Wani lokaci yakan ji wata ƙara kamar ana goga fata da fata, ko ya ji bugun zuciya ya dusashe kamar daga nesa. Dusashewar bugu da faɗuwar awon jini da tashin jijiyoyin wuya su ne alamomi uku da likitan fiɗa na Amurka, Claude Beck, ya bayyana a shekarar 1935, kuma har yau ana aiki da su.

Daga nan sai hoton ƙirji, wanda kan nuna inuwar zuciya ta faɗaɗa kamar tulu, da kuma gwajin lantarkin zuciya. Amma gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne hoton eko, wato sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba ya ciwo, kuma yana nuna yawan ruwan da ko ya fara matse zuciya.

Sai dai hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar cuta. Don haka ƙwararren likita kan sa allura ta ƙasan ƙashin ƙirji ya zuƙo ruwan. Wannan aiki yana sauƙaƙa wa zuciya, yana kuma samar da abin da za a kai ɗakin gwaje-gwaje. A can ake duba shi da madubin likita, a raini ƙwayoyin don a san maganin da zai kashe su. Ƙwayar tarin fuka takan ɗauki har makonni shida zuwa takwas kafin ta tsiro, amma na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2010, tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu. Idan ba ta ga komai ba, hakan bai kore tarin fuka ba. Likita zai haɗa da gwajin majina da na jini kafin ya yanke shawara.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai kafin a je asibiti yana ɓoye ƙwayar a lokacin gwaji. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha a nuna wa likita. Kada a yi tsaga ko ƙaho a ƙirji ko a kumburarriyar ƙafa.

Ma'aikacin lafiya na ƙauye kada ya riƙe irin wannan majinyaci. Ya rubuta masa takardar turawa. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da na Maiduguri suna da likitocin zuciya. Shugabannin al'umma su taimaka da abin hawa, su kuma kwantar wa iyali hankali su yarda a zuƙe ruwan.

Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma wata shida ake yi ana sha. Ko an warke, tantanin kan iya yin tauri daga baya ya ɗaure zuciya har sai an yi fiɗa, don haka a riƙa komawa asibiti a ranakun da aka sa. Haka kuma allurar BCG da ta Penta da ta nimoniya suna rage wa yaranmu hatsarin kamuwa da waɗannan ƙwayoyi. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana ita, amin.