Me ya sa ƙara wa uwar garke ƙarfi ba ya kawar da cunkoso a koyaushe?

A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama kuwa suka riƙa maƙalewa. Kowace irin wannan buƙata tana sauka ne a kan babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Abubuwa biyu ne kan gaba wajen ƙayyade nauyin da za ta ɗauka: yawan cibiyoyin sarrafawa da ke cikin furosesa, da girman ma'adanar wucin gadi, wato RAM.

Cibiyoyin tamkar ma'aikatan kanta ne. Idan buƙatu 1,000 ke shigowa a daƙiƙa, kowacce tana cin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, aikin zai cinye cibiyoyi 10 ba hutu. Sayen 10 cif kuwa ganganci ne, domin buƙatu ba sa zuwa a jere: ranar albashi daban take da tsakiyar wata. Mai hankali zai tanadi kamar 16, ya bar sarari.

Sai dai yawa yana da iyaka. A 1967 injiniya Gene Amdahl ya nuna cewa idan kashi 5 cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, saurin ba zai wuce ninki 20 ba, ko cibiyoyi nawa aka zuba. Asusu ɗaya da mutane da yawa ke tura wa kuɗi, dole a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya.

RAM kuma ita ce teburin da ma'aikatan ke baza takardu a kai. Da ta cika, sai a koma ɗauko bayanai daga faifan ajiya, wanda ko na zamani ne ya fi ta jinkiri ninki ɗaruruwa. A nan ake yawan yin asara: cibiyoyin suna zaune suna jiran faifai, shugaban ofis kuma ya amince a ƙaro wasu. Kamfanonin Oracle da Microsoft suna cajin lasisin rumbun bayanansu bisa yawan cibiyoyi, don haka kuɗi ya ƙaru, layi bai ragu ba.

Shi ya sa kamfanin Amazon ke bayar da hayar uwar garke iri-iri: gigabait 2 ga kowace cibiya domin aikin lissafi, 4 domin aikin yau da kullum, 8 domin rumbun bayanai. Ana gane wanda ya dace ne ta auna na'ura a sa'ar da cunkoso ya fi tsanani.