Yadda wayar hannu ke taimakawa wajen ceton wanda zuciyarsa ta tsaya

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da ranar 12 ga Yuni, 2021 ba, lokacin da Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasan Denmark da Finland. Zuciyarsa ce ta tsaya. Abin da ya cece shi shi ne danna ƙirji da aka fara nan take, sai kuma na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki.

Shi wannan danna ƙirji, wato CPR, ƙa'idarsa ta canza, amma da yawa ba su da labari. A da ana koyar da a fara buɗe hanyar iska, a hura numfashi baki da baki, sannan a danna ƙirji. A 2010 ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, AHA, ta juya tsarin, danna ƙirji ya koma farko. Dalili kuwa, a mintunan farko akwai sauran iskar oksijin cikin jini, abin da aka rasa shi ne mai tura jinin zuwa ƙwaƙwalwa. Don haka idan babba ya faɗi kwatsam, ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, wanda bai da horo zai iya danna tsakiyar ƙirjin kawai ba tare da hura baki ba. Yara da wanda ya nutse a ruwa kam suna buƙatar numfashin.

Ana son dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Riƙe wannan saurin cikin ruɗani da wuya, kuma a nan waya ke da rana. A kira lambar gaggawa, 112 a Najeriya, a saka sifika, a ajiye wayar a ƙasa don hannu biyu su samu aiki. Idan akwai waya ta biyu, manhajar metronome da aka saita a 110 za ta riƙa ba da ƙara daidai lokacin kowace dannawa.

A Birtaniya manhajar GoodSAM tana sanar da masu horo da ke kusa da wurin, PulsePoint ma haka take yi a Amurka. Abin takaici, a wurare da dama idan mutum ya faɗi, kyamara ake fara buɗewa, alhali ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan jini bai isa gare ta ba.