Katangar Roba Da Ake Yi Wa Mai Ganga: Wace Iri Ya Kamata A Saya?

Wani mai sauraronmu daga yankin Zariya, wanda ke bayar da hayar lasifika da janareto a wuraren biki, ya aiko da takarda yana cewa ya ga ana kewaye mai kiɗan gangunan zamani da wani abu mai kama da gilashi. Ya ce masu haya sun dame shi da ƙorafin ba a jin muryar mawaƙi, har wasu sun fara komawa wajen wani. Yana so ya san ko wannan abin ne maganin, kuma wane iri zai saya.

To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai abin da ka gani ba gilashi ba ne. Wata roba ce mai tauri da ake gani ta cikinta, wadda ake sayarwa da sunan Plexiglas ko Perspex. A Jamus da Ingila aka fara yin ta wajen shekarar 1933. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma ba ta saurin fashewa. Kada wani ya ruɗe ka ka haɗa da gilashin taga, domin ranar da ya kife a kan yaro, abin da za ka biya ya fi kuɗin hayar shekara.

Ga yadda matsalar take. Makirufon da ke hannun mawaƙi ba ya zaɓe, duk ƙarar da ta iso gare shi kwasa yake yi. Idan mai ganga yana bayansa, to da ka ƙara wa mawaƙi murya ka ƙara wa ganga ke nan. Katangar tana tare ƙarar da ke tafiya kai tsaye zuwa makirufo da mutanen sahun gaba, musamman ƙara mai kaifi irin ta farantan ƙarfen nan da ake duka. Amma rugugin babbar gangar da ake takawa da ƙafa, wannan kam zagaye katangar yake yi ya wuce abinsa.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, robar ba ta shanye ƙara, mayar da ita take yi. Ka tuna yadda muryarka ke dawo maka idan ka yi magana a ɗakin da ba kaya. Haka ƙarar ke bugun katangar ta koma baya, ta bugi bangon siminti, ta hau rufin kwano, ta sake saukowa kan jama'a. Saboda haka wanda ya sayi katanga bai tanadi abin da zai sa a bayan makaɗi ba, rabin aiki ya yi. Labule mai kauri, ko bargo, ko tsohuwar katifar soso a jingine da bango, da darduma a ƙarƙashin gangunan, duk suna taimakawa ƙwarai. Ni dai shawarata, ka fara gwada waɗannan tukuna, ka kuma matsar da makaɗi gefe, ya daina zama daidai bayan mawaƙi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, kuɗinka na aljihunka.

In kuwa sayen ya zama dole, ka duba kauri. Wadda aka fi amfani da ita kwatan inci ce, wato wajen milimita 6. Mai sirantaka ta fi araha, amma tana lanƙwasa tana rawa. Kowane falle faɗinsa ƙafa 2 ne, tsawo kuma daga ƙafa 4 zuwa 6. Ka auna farantan ƙarfen a tsaye, katangar ta ɗara su tsawo, in ba haka ba ƙarar ta sama za ta bi. Falle 5 masu ƙafa 5 sun isa yawancin ganguna, nauyinsu kuma ya haura kilo 30, sai ka yi lissafin abin ɗauka. Ka duba hinjin da ke haɗa fallayen, kada ya bar rata babba.

Sannan ka tambayi kanka inda ka fi yin aiki. A zauren taro ko coci katangar tana da amfani. A filin ƙofar gida kuwa amfaninta kaɗan ne, iska ma tana iya kifar da ita. Masu kalangu da ke yawo suna bin mawaƙi cikin taro kuwa, ba ta shafe su ba sam.

Kada ka manta da bawan Allahn da ke ciki. Ƙarar da aka tare, kunnensa take komawa. Masana lafiya suna auna ƙara da disibel, sun kuma ce zama cikin disibel 85 fiye da awa 8 yana lalata ji, gangunan zamani kuwa suna haura 100. Ka sama masa abin toshe kunne, da fanka saboda zafi, da ƙaramar lasifika a kusa don ya riƙa jin mawaƙi.

Lokacin hunturu kada ka goge ƙura da busasshen tsumma, zai karce ta ta dushe. Ruwa da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi kawai, ban da fetur. Wajen ɗauka kuma ka sa bargo tsakanin falle da falle.