Sanƙarau: A Yi Allura Kafin Zafi Ya Shigo

Idan hunturu ya kama, ƙura ta tashi, to lokacin sanƙarau ya gabato. Cutar takan yi ƙarfi daga watan Disamba zuwa Yuni, musamman da bazara. Da damina ta sauka sai ta lafa.

Me Ke Kawo Ta?

Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna zama a hanci da maƙogwaro. Mutum yana iya ɗauke da su bai sani ba, yana watsa su ta tari da atishawa. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata cikin hanci, sai ƙwayoyin su sami hanyar shiga jini. Daga nan su kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Cunkoso a ɗaki marar taga yana sa cutar ta yaɗu.

Alamominta

Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Majinyaci ba ya son haske. Jariri kuwa yakan ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura. Sanƙarau tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Wanda ya tsira ma yana iya kurmancewa. Don haka da an ga alama, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.

Amfanin Allura

A shekarar 1996 sanƙarau ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya. A 2017 ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Ƙwayoyin iri-iri ne, kuma allurar da aka yi ta yi tun 2011 iri ɗaya take tarewa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar. An yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, domin su cutar ta fi kamawa.

Allura ba ta aiki nan take. Sai ta yi kamar mako biyu a jiki. Shi ya sa ake son a yi ta da wuri. Hannu yakan ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, sai ya wuce.

Magidanta su tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Idan mai unguwa ya yi shelar zuwan ma'aikatan lafiya, a fito da iyali duka, har da almajirai. A adana katin allura. Rigakafi ya fi magani.